Ƙananan Kalmomi Masu Nuna Hanya: Nasiha ga Ɗaliban Kura da Bunkure

Ɗana, 'yata, 

Na daɗe ina koyar da Turanci a makarantun sakandaren wannan yanki namu, rubutun yara da yawa ya bi ta hannuna, daga na Kura da Karfi da Ɗan Hassan har na Bunkure da Garun Malam. Akwai wuri guda da nake ganin ana tuntuɓe shekara da shekaru, wa ya yi, ƙane ya zo ya maimaita. Wajen haddar dogayen kalmomi masu cika baki, yaranmu gwanaye ne. Inda ƙafa ke zamewa shi ne ƙananan kalmomin nan masu bin aikatau na motsi, irin su “in”, “out”, “into”, “up”, “down”, “across”, “through”, “over”, “along” da “back”. Ana raina su saboda ƙanƙantarsu, alhali kuwa a Turanci su ne ke faɗin inda aka fito, da ta inda aka bi, da inda aka nufa. A kansu nake so mu zauna, domin gyaran mai sauƙi ne in an gane bakin zaren.

Kada ka ɗauka wannan damuwar masu shirin zama lauyoyi ce. Dubi inda Allah ya ajiye ka. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, rayuwar garuruwanmu ta koma bin tafiyar ruwa. Ruwa ya baro Tiga, ya yada zango a Ruwan Kanya, ya biyo babban kanal, ya rabu gabas da yamma, ya shiga ƙananan magudanai har ya iso bakin gonar mahaifinka. An tsara kashin farko na wannan aikin ban ruwa ne don ya shayar da kimanin hekta 22,000. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi, kuma da Turanci take rubuta takardunta. Haka takardun aikin gyara na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, haka ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin injin ban ruwa, haka rubutun jikin robar maganin feshi. Duk ka bincika su za ka tarar zancen ɗaya ne: me ya shiga, me ya fita, ta ina ya bi, ina ya tsaya. Ga kuma jarrabawar WAEC da NECO, inda rashin kiredit a Turanci kan tsare wa yaro ƙofar jami'a ko da ya ci sauran darussa.

Ga tushen maganar. Bahaushe yana zuba hanya a cikin aikatau ɗin kansa. In ka ce shiga, ka riga ka faɗa cewa daga waje aka nufi ciki. Fita, hau, sauka, ƙetare, ratsa, wuce, zagaya, koma, kowanne da hanyarsa a cikinsa. Yadda aka yi tafiyar kuwa, daga baya muke ƙaro shi: ya shiga da gudu, ya fita da rarrafe, ya ƙetare kanal da iyo. Bature ya juya tsarin. Shi aikatau ɗinsa salon tafiyar yake faɗa, gudu ne ko rarrafe ko iyo, sai ya bar wa ƙaramar kalma aikin nuna hanya: “he ran in”, “he crawled out”, “he swam across the canal”. Wani masanin harsuna ɗan Amurka, Leonard Talmy, ya yi bayanin wannan rabuwa a 1985. Ya sa Turanci da Jamusanci a ɓangare guda, ya sa irin su Faransanci da Sifaniyanci a ɗaya ɓangaren. Larabcin da ka koya a Islamiyya yana ɓangare na biyu, da dakhala da kharaja da nazala, kuma in ka auna Hausa da wannan ma'auni za ka ga nan ta fi karkata.

Shi ya sa yaro mai kaifin basira kan rubuta “he entered the room with running”. Ba rashin kai ba ne, tunaninsa daidai yake, tsarin Hausa ne ya jera da kalmomin Turanci. Abin da ake so ya rubuta shi ne “he ran into the room”. Da zarar ka gane cewa abin da Hausa ta sa a gaba Turanci ya mayar da shi baya, rabin wahalarka ta ƙare.

Ka san ruwan da ke cikin kanal ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, amma ƙofar da aka buɗe ita ke yanke hukuncin gonar da zai sha. To, aikatau na Turanci shi ne ruwan, ƙaramar kalmar nan ita ce ƙofar. “Go” ɗaya ce, amma “go in” shiga, “go out” fita, “go up” hawa, “go down” sauka, “go back” komawa, “go round” zagayawa, “go past” wucewa. Kuma Bature kan jera su biyu ko uku a bayan aikatau guda. Inda kai za ka ce ruwan ya juyo, ya gangara, ya faɗa magudana, da aikatau uku, shi sai ya ce “the water ran back down into the drain”. Kada tsawon jerin ya tsorata ka. Bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace tana tsaye ne a madadin aikatau guda na Hausa.

Abu na farko da zan ja hankalinka a kai shi ne bambancin zama a wuri da shiga wurin. “In” da “on” zama suke nunawa, “into” da “onto” motsi zuwa wurin. “The cows walked in the rice field” na nufin shanun suna ciki suna ta yawo. “The cows walked into the rice field” na nufin daga waje suka faɗa. A gaban mai sasanta manomi da makiyayi, waɗannan jimloli biyu ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Haka “to” da “towards”: ta farko an kai, ta biyu an dai doshi wurin. Ka kuma lura da cewa wasu daga cikin kalmomin nan na iya tsayawa su kaɗai a matsayin bayanau, amma in suna zai biyo baya sai sun ɗauki abokiyar tafiya. Ka ce “he came out”, amma “he came out of the house”. Ka ce “she moved away”, amma “she moved away from the pump”. Maki da yawa na zubewa a kan wannan ƙaramar “of” da wannan “from”.

Na biyu, kalmomi huɗun da ke bayyana siffar hanya. “Across” ƙetarewa ce daga wannan gefe zuwa wancan. “Along” bin tsawon abu ne, kamar mai tafiya a bakin kanal. “Over” bi ta sama. “Through” ratsawa ta cikin abu, kamar ruwa cikin bututu ko kwalbati, ko mutum cikin gonar masarar da ta fi shi tsawo. Na sha ganin wasiƙun koke da matasa ke rubuta wa dattawan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, inda aka cakuɗa waɗannan har mai karatu ya rasa me ya faru. A ce kai ne sakataren ƙungiya, ka rubuta “water is flowing over the bank”. Injiniyan da ya karanta zai fahimci ruwa ne ya yi yawa ya malalo ta saman gaɓa, maganinsa a rage shi daga ƙofa. In kuwa ka rubuta “water is flowing through the bank”, ka gaya masa gaɓar ce ta huje, kuma in ba a hanzarta ba za ta ɓalle. Kalma ɗaya ce tsakani, amma ita za ta nuna masa ko ya zo da makulli ko ya zo da ma'aikata da siminti. Kafin a gano kuskuren, manoman ƙarshen kanal sun kwana biyu ba ruwa, tumatir ya soma yaushi. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin bai wuce ka tsaya ka tambayi kanka ba: ta sama ya bi ko ta ciki?

Haka yake ga gargaɗin da ke jikin maganin feshi. In an ce “keep away from” abinci ko ruwa, nisantarwa ake nufi. In an ce “wash off”, a wanke har ya fita daga fata. In an yi gargaɗi kada maganin ya “run off into” magudana, ana tsoron ya kwaranye daga gona ya shiga ruwan da mutanen ƙasa da kai ke wanka da shi suna shayar da dabbobi. Mahaifinka zai miƙo maka robar ya ce, “Kai da ka yi boko, karanta mana.” A wannan lokacin lafiyar gidanku na rataye a kan kalmomin da ba su wuce haruffa uku ko huɗu ba.

Na uku, ka kiyayi ninki. Turanci na da wani rukunin aikatau masu ɗauke da hanya a cikinsu, tamkar na Hausa. Yawancinsu baƙi ne. Bayan da Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka yi ta kwarara cikin Turanci, daga cikinsu akwai “enter”, “return”, “descend” da “pass”. Tun da hanyarsu na cikinsu, ba su bukatar mai rakiya. Don haka “enter the store” ake cewa, ba a ƙara “into”. “Return” ta wadatar ba tare da “back” ba, haka “reverse”. Wuri guda da za ka ga “enter into” daidai shi ne wajen ƙulla yarjejeniya, kamar manomin da ya shiga yarjejeniyar sayar wa kamfani amfanin gonarsa. “Reach” da “leave” ma kai tsaye suke ɗaukar sunan wuri. Amma dubi abin da ƙaramar “for” ke yi. Dillali a Kwanar Gafan ya loda kwandunan tumatir, ya ce ka tura wa abokin cinikinsa na kasuwar Mile 12 saƙo. “The lorry has left for Lagos” na nufin mota ta kama hanyar Legas. “The lorry has left Lagos” na nufin ta baro Legas. Kayan gwari ba ya jiran a warware rashin fahimta. Ka kuma bambanta “passed”, wadda aikatau ce, da “past”, wadda ƙaramar kalmar hanya ce: “he passed the gate”, amma “he walked past the gate”.

Na huɗu, kuma a nan ne nake so ka ji daɗin harshenka. Hausa na da wata baiwa da Turanci ba shi da irinta. Fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, koma da komo, kai da kawo. Wasali ɗaya a ƙarshe ya isa ya nuna cewa motsin wajen mai magana ya nufo. F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, da ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai a 1960, ya sa masu ƙarewa da wannan wasali a giredi na shida. Kai tun kana ƙarami kake amfani da shi ba kuskure. To, aikin da wannan wasali ke yi, shi “come” da “bring” ke yi a Turanci, “go” da “take” kuma su ne na nesantawa. Fita “go out”, fito “come out”. Fitar da buhunan “take the bags out”, fito da buhunan “bring the bags out”. Duk sanda ka rikice tsakanin “bring” da “take”, faɗi jimlar da Hausa a zuciyarka. In kawo ce ta zo bakinka, “bring” ce. In kai ce, “take”. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wuri ɗaya ne wannan dabara ke bukatar kula. Bahaushe na barin wuri yana cewa ina zuwa, ma'ana zai je ya dawo. Wanda ya ce wa baƙo “I am coming” alhali yana ba shi baya, ya bar shi cikin ruɗu, domin a wajensa wannan magana ta mai tahowa ce. Abin da ya dace shi ne “I will be back”.

Na biyar, 'yan ƙa'idoji da sai dai a riƙe su. “Home”, “here”, “there” da “abroad” ba su karɓar “to” bayan aikatau na motsi: “go home”, “come here”. “Arrive” ba ta tafiya da “to”, sai dai “arrive in Kano” ga babban gari, “arrive at the market” ga wuri takamaimai. Wajen abin hawa kuwa, Hausa za ta taimake ka har wani mataki: babur da keke da jaki hawa ake yi, don haka “get on” da “get off”. Ƙaramar mota shiga ake yi, don haka “get into” da “get out of”. Bas da jirgi, duk da cewa cikinsu ake shiga, Bature ya sa su a layin “get on”. Sannan in aikatau na da karɓau, kuma karɓau ɗin wakilin suna ne, tsakiya yake zama: “take it out”, “bring them in”, “put it down”. Ba a cewa “take out it”. Amma in ƙaramar kalmar jan suna take yi, ba a raba ta da shi: “go through it”, “jump over it”.

Yanzu ga babban gargaɗina. Kada ka zauna haddar dogon jerin nan da ake rabawa gab da jarrabawa, mai ɗauke da ɗaruruwan aikatau da ma'anoninsu. Na ga yara sun haddace shi tsaf, ranar rubuta insha'i ko ɗaya bai zo musu ba, domin ba su taɓa ganin kalmomin suna aiki ba. Fara da motsin da ido ke gani. In ya zauna, ma'anonin aro za su zo da sauƙi, tun da daga nan aka samo su. Wanda ya san “go down” sauka ce, ba zai sha wuyar gane cewa farashin shinkafa ya “go down” da kaka ba. Wanda ya san ruwa na “run out of” tanki, zai gane manomin da ya ce “we have run out of fuel” mansa ne ya ƙare. Akwai waɗanda ma'anarsu ta yi nisa da asali, su sai a koye su ɗaya ɗaya cikin jimla. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada kuma wani ya sa ka ji kunyar Turancin da ake yi a tasha da kasuwa. Mai cewa zai “drop” a Kura, ko zai “branch” gidan ƙanwarsa, kowa a Najeriya ya gane shi. Turancinmu na gida ya yi ƙarfin da a watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da Kannywood. Abin da ake bukata gare ka shi ne sanin wurin kowanne. A cikin mota ka yi na mota. A takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki ka rubuta “get off” da “stop at”. Wanda ya iya biyun ya fi mai ɗaya, kuma wanda ya riƙe Hausarsa da kyau ya fi su duka saurin koyo, kamar yadda ka gani a sama. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

'Yata, ke ma da ke nake. Na lura 'yan mata kan fi maza tsabtar rubutu, sai dai kunya kan hana su furtawa a aji, kuma waɗannan kalmomi a baki suke zama kafin su zauna a takarda. In burinki aikin jinya ne ko ungozoma, ki sani littattafanki cike suke da su: “breathe in”, “breathe out”, “lie down”, “sit up”, “turn over”. In kuma sana'ar shinkafar da aka san matan Kura da ita za ki ɗaukaka, ranar da za ki rubuta wa mai saye na nesa ko ki cike takardar neman jari, su za ki tarar. Ki samu ƙawa ɗaya ku riƙa yi tsakaninku, a hanyar makaranta ko wajen aikin gida. Ba sai kin ɗaga murya a gaban maza ba kafin ki ƙware.

Ga abin da nake so ku riƙa yi, ba ya cin ko sisi. Ku ware ɗan littafi. Kullum ku zaɓi motsi biyar da idonku ya gani: yaro ya tsallake magudana, akuya ta kutsa ta shinge, mai babur ya bi gefen kanal, jirgin sama ya wuce ta saman gari, an sauke buhuna daga mota. Ku rubuta kowanne da Hausa tukuna. Sannan ku yi wa kowace jimla tambaya uku. Yaya aka yi motsin, gudu ne ko tsalle ko kwarara? Amsar ita ce aikatau na Turanci. Wace hanya aka bi, ciki, waje, sama, ƙasa, ƙetare ko ratsawa? Amsar ita ce ƙaramar kalmar. Wajena aka nufo ko nesa da ni aka yi? Amsar za ta raba muku “come” da “go”, da “bring” da “take”. In kun duba ƙamus, ko na takarda ko na waya, kada ku tsaya a ma'ana, ku karanta jimlolin misali da ke ƙarƙashinta, domin nan ne ake ganin wace kalma ke bin wace. Ƙarshen mako ku kai wa malaminku ya duba. Babu malamin kirki da zai ƙi, kuma matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya lizimci wannan na zango guda na karatu zai ga canji a rubutunsa da idonsa. In kun gane, ku zaunar da ƙannenku ku koya musu tun suna firamare, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yankin nan na bukatar 'ya'yansa da za su rubuta wa hukuma koke a fahimce su, su karanta yarjejeniya kafin iyayensu su dangwala hannu, su zama injiniyoyi da malaman gona da ma'aikatan jinya na garuruwansu. Ku ne muke sa rai. Allah ya buɗa muku ƙwaƙwalwa, ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Amin.